Muhawara: Ana ɗaukar dajin muƙamuƙi na yara?

Maman Khalifa: Salamu alaikum. Yaron maƙwabciyata, ɗan shekara 6, kuncinsa ya kumbura har haƙoransa na girgiɗi. Da farko mun zaci hangum ne. A asibiti aka ce dajin Burkitt ne, wai ƙwayar cuta ke kawo shi. Ni kam na hana 'ya'yana shan ruwa da kofinsa. Abin da ƙwayar cuta ta kawo ai ana ɗauka.

Baban Amira: Kin yi daidai, Hajiya. Rigakafi ya fi magani. Na ji ma ta yawu take bi.

Anti Nas: Haba Yaya, kada mu haɗa wa yaron nan ciwo da ƙyama. Gaskiya ne ƙwayar da ke da hannu a wannan dajin, wadda ake kira Epstein-Barr, ta yawu take bi, amma sama da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da ita, mu nan tun muna ƙanana muke kamuwa. Ba mamaki Khalifan ma yana da ita tuni. Shi dajin kansa ba ya tsallakawa daga yaro zuwa yaro.

Baban Amira: To in kowa na da ita, don me sai ɗaiɗaiku take kayarwa?

Kawu Malam: Sauro ne abokin aikinta. Likita Denis Burkitt, wanda ya bayyana cutar a 1958 a Kampala, ya lura tana bin wurare masu zafi da damshi. A 1964 aka gano ƙwayar a Landan, cikin naman ƙarin da aka aiko daga Uganda. Zazzaɓin cizon sauro in ya yi ta maimaituwa, yana gajiyar da garkuwar jiki, ƙwayoyin jinin da ƙwayar cutar ke kwance ciki su yi ta ninkuwa har a sami tangarɗar da ke zama daji.

Maman Khalifa: Allah sarki. Ga kakarsa kuma ta kafe wai daji ba ya son allura, a kai shi wurin wanzami.

Anti Nas: Wannan ne ya fi tayar min da hankali. Ƙarin nan yana iya ninka girmansa cikin kwana 1 zuwa 2, amma yana jin maganin asibiti ƙwarai, na ga kunci ya saɓe cikin 'yan kwanaki. Don Allah ki roƙi uwar kada su tsallake ranar allura ko ɗaya.

Baban Amira: Maganar allura na yarda. Ta kofi kuwa, a bar ni in yi tunani.

Maman Khalifa: Ni dai yanzu zan shiga gidan, da gidan sauro sabo a hannuna.