Wace kalma za mu sa wa "replication" a Hausa?

Malam Sani, Garki: Jama'a, ana shirya darasin MongoDB (manhajar rumbun adana bayanai) da Hausa don ɗalibai a nan Abuja, kuma kalmar nan ta "replication", wato yadda kwamfutoci da yawa ke riƙe bayanai iri ɗaya, ta tsayar da aiki. Wasu sun ce a bar ta "kwafi" kawai. Me kuka gani?

Hajiya Rabi, Wuse: Malam, kwafi zai ɓatar da ɗalibi, ya ɗauka ajiyar ko-ta-kwana ce. Alhali in ka goge takarda (bayani guda da aka ajiye) a babbar saba (kwamfutar da ke riƙe bayanan), nan da nan sauran ma za su goge ta. Ni "bin sawu" na zaɓa. Saba ɗaya ce ke karɓar rubutu, tana jera duk abin da ta yi a oplog, sauran na karantawa suna maimaitawa bi da bi. Sai mu ce jagora da mabiya, oplog kuma kundin sawu.

Aminu, Kubwa: Hajiya, na goyi baya, don ko matsalar ma ta fito a ciki. Kundin nan yana da iyaka. In ba ka saita shi ba, kashi 5 cikin ɗari ne na sararin da ya rage a faifai, ba ya wuce gigabait 50, kuma sabon rubutu na shafe tsoho. Mabiyin da ya daɗe a kashe har aka shafe inda ya tsaya, sawu ya ɓace masa ke nan, sai ya sake kwaso komai daga farko.

A saka batun zaɓe ma. Sabobin na tuntuɓar juna duk daƙiƙa 2, in aka yi daƙiƙa 10 ba a ji jagora ba, a zaɓi wani, amma sai da amincewar mafi rinjayen sabobin. Wanda ya ajiye biyu daga cikin uku a gini ɗaya, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ta ukun ba za ta zama jagora ba, rubutu ya tsaya cak.

Malam Bala, Nyanya: To CouchDB fa, wadda ita ma rumbun adana bayanai ce? Can babu jagora, kowace saba na karɓar rubutu. In an gyara takarda ɗaya a wuri biyu, tana riƙe duka biyun, ta nuna ɗaya, warware saɓanin ya rage ga manhajarka. Wa ke bin sawun wa?

Hajiya Rabi: Gaskiyarka, Malam Bala. Wannan a kira shi "daidaita juna".

Malam Sani: Madalla. Bin sawu inda akwai jagora, daidaita juna inda babu. Jinkirin mabiyi kuma zan rubuta shi "tazarar sawu", sai in wani yana da wadda ta fi.