Wai ɗan shekara 16 yaro ne?

Mai Shagon Waya: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Makon jiya wani yaro ya ɓalle mini kwado da asuba, ya kwashe waya bakwai. 'Yan sintiri suka kama shi da biyu a aljihu. Na kai ƙara, na yi ta sintiri ni ma. Yau na fito buɗe shago sai ga shi a teburin mai shayi, da biredi da ƙwai, har da ɗaga mini hannu. Wai an damƙa shi hannun ubansa saboda shekararsa 16. Dokar yaran nan ita ke ƙyanƙyashe mana ɓarayi. Wanda ya musa ya biya ni wayoyina biyar.

Baban Tagwaye: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ka daina ce masa yaro. Ɗan 16 mai ɓalle kwado? Ni a shekarunsa ina noma gonar Baba ni kaɗai.

Ƙaramin Lauya: A doka yaro ne, Baba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma ba a kai shi kurkukun manya. Beli ba wankewa ba ce, shari'a na nan.

Malam na Zaure: Dokar wa? Mu a wurinmu balaga ce ma'auni. In alamunta sun bayyana, alƙalami ya hau kansa.

Ƙaramin Lauya: Gafarta Malam, ai Final Kod, dokarmu ta hukunta laifuka a Arewa, ita ma tana duba shekaru. Ƙasa da 7 babu laifi sam, daga 7 zuwa 12 sai an duba ko hankalinsa ya kai.

Baban Tagwaye: To 16 tana tsakanin 7 da 12 ne? Ka kayar da kanka da bakinka.

Ƙaramin Lauya: Ba abin da na ce ba ke nan.

Inna Mai Ƙosai: Ku da kuke ta "ƙato ne, ƙato ne", kun manta ranar 1 ga Nuwamba 2024? Yaranmu da aka kwasa a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, aka tsare kusan wata uku, aka kai su Babbar Kotun Tarayya a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa. Huɗu suka zube a gaban alƙali, haƙarƙari duk a waje. Aka sa belin naira miliyan 10 kowanne. A ranar ma lauyan gwamnati cewa ya yi manya ne, wai yawancinsu magidanta. Kun ga bakinku ya zo ɗaya da nasa.

Baban Tagwaye: Hajiya kar ki haɗa ni da wannan mutumin. Waɗancan yara ne, yunwa ta fitar da su.

Inna Mai Ƙosai: Au, su yara ne, wannan ƙato? Shekarun fa kusan ɗaya ne.

Ɗan Jam'iyya: Ku dai faɗi gaskiya, wa ya sa aka sake su? Tinubu ne ya ba da umarni, Shettima ya karɓe su a fadar gwamnati.

Jar Hula: Bayan duniya ta yi musu ca! Wa ya kama su tun farko? Gwamna Abba ne ya je ya taho da 'yan Kano gida.

Ɗan Jam'iyya: Dokar kare yara ta Kano wa ya sa mata hannu a 2023? Ganduje.

Jar Hula: Madalla. Alhaji ka ji wanda zai biya ka wayoyinka.

Ɗan Jam'iyya: Ɗan Kwankwasiyya ko a maƙabarta sai ya kawo siyasa.

Jar Hula: Wa ya fara?

Ƙaramin Lauya: Jama'a matsalar wurin ajiya ce. Gidajen horon kangararru na tarayya da aka sani tun da can uku ne: Kaduna, Ilori, Abeokuta. Ga ƙasa mai jiha 36. Shi ya sa ko a miƙa yaro ga iyaye, ko a ƙara masa shekaru a takarda a tura shi cikin manya, ya shiga da satar waya ya fito da sanin fashi.

Malam na Zaure: Ka sake cewa yaro.

Baban Tagwaye: Bulala goma a ƙofar mai unguwa ta fi duk wannan Turancin.

Mai Shagon Waya: Ni fa wayoyina nake tambaya.

Shugaban Zaure (Baban Tagwaye): To, dare ya yi, zan rufe. Abin da aka cimma: mafi yawan jama'a sun yarda ɗan 16 ba yaro ba ne, kuma Malam ya kawo hujja. Lauya ya yi ƙoƙari amma ya rikice a lissafi. Hajiya ta fita daga maudu'i. Jar Hula, gargaɗi na ƙarshe.

Inna Mai Ƙosai: Mafi yawa su wa? Ku biyu ne fa.

Jar Hula: Shi Ɗan Jam'iyya ba gargaɗi, don surukinka ne?

Mai Shagon Waya: Ga shi can ya dawo wajen mai shayin.