Allon shago mai haske: wace iska ce a cikin gilashin?

Mai Shagon Ɗinki: Assalamu alaikum jama'a. Ina so in sa allo mai haske a ƙofar shago, irin wanda ake lanƙwasa gilashi a rubuta suna. Mai yin ya ce min neon ne, ni kuma shuɗi nake so. Wanda ya sani ya taimaka da shawara.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Alhaji, in dai shuɗi ne to ba neon ba ce a ciki, suna ne kawai ya bi shi. Iskar neon zalla ja take bayarwa, ja mai sirkin ruwan lemo kamar garwashi in an hura shi. Shuɗi kuwa wata iska ce mai suna argon ake ɗurawa, a haɗa da ɗan ɗigon zaiba. Su kore da fari da ruwan hoda, wata hoda ce ake shafawa a cikin bututun. Tururin zaibar ya fitar da hasken da ido ba ya gani, hodar ta mai da shi launi.

Mai Walda: Malam, argon ɗin nan da muke waldar alminiyam da ita?

Malamin Kimiyya: Ita ce, Oga. Shi ya sa take da araha, don ta kusa kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Neon kuwa kashi 18 ce kacal cikin miliyan. Sai a 1898 masana kimiyya William Ramsay da Morris Travers suka gano ta a Landan, sannan wani injiniyan Faransa, Georges Claude, ya nuna fitilarta a Paris a 1910.

Mai Gyaran Lantarki: Ni dai Alhaji, fitilar LED zan ce ka saya, irin mai taushin nan da ake lanƙwasawa kamar tiyo. Na gilashin sai da taransifoma mai ɗaga wuta, wani har volt 15,000. Na taɓa zuwa gyaran wani bayan hunturu, ƙura ta daskare a bakin wayoyin, da raɓa ta sauka sai ka ji yana tsaki, kana ganin tartsatsi yana tsalle zuwa jikin ƙarfe. Kuma yara na wasa a ƙarƙashinsa. LED volt 12 ce ko 24, batirin sola ma zai riƙe ta.

Hajiya Mai Atamfa: Gaskiyarka ƙanena, amma fa hasken ba ɗaya ba ne. Na gilashi ta kowane gefe yake haskawa, yana da wani laushi a ido. Nawa ja ne, ya daɗe, launinsa bai taɓa dusashewa ba. Sama sosai aka kafa shi, cikin akwati mai murfi.

Malamin Kimiyya: Naki babu zaiba Hajiya, kin huta. Shi mai son shuɗi ne zai kula. In gilashin ya fashe kada a sa tsintsiya, tana tarwatsa zaibar. A fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga, a sa safar hannu a tattara da kwali a zuba a kwalba mai murfi.

Mai Shagon Ɗinki: Allah Ya saka da alheri. Ƙofata gajera ce, kuma da sola nake aiki, don haka LED shuɗiya zan sa. Injiniya, zan turo maka awon allon da yamma in sha Allahu.