Sabuwar a-kori-kura: wace zan saya, kuma yaya zan rage mata shan mai?

Alhaji Lawali:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawararku kafin in saki kuɗi. Ina so in sayi sabuwar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, don ɗauko wake da aya da riɗi daga kasuwannin wajen Dakoro, Mayahi da Cadawa zuwa nan Maradi, jefi-jefi kuma a leƙa Damagaram ko Yamai. A shekara za ta ci kamar kilomita 30,000, rabi kwalta, rabi rairayi da gargada. Hankalina ya fi kwanciya da Hilux, amma na kasa tsayawa tsakanin mai gazuwal da mai esansi. Ga kuma wani dillali yana yi mini tallar wadda aka shigo da ita daga Turai, wai ta fi duka rashin sha. An kuma ce in sa mata manyan tayu da wani maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututun mai. Masana, ku fitar da ni.

Malam Haruna:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah shi sa albarka a niyya. Kada ka tambayi lita nawa take sha kawai, ka tambayi sefa nawa take ci a kilomita 100, domin mu a Nijar gazuwal ya fi esansi tsada. A farashin da gwamnati ta yanke a watan Yulin 2024, esansi 499 ne lita, gazuwal 618. Ka sake duba na yau a gidan mai, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Hilux mai gazuwal, inji 2.4 mai turbo (na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska), wato 2GD, in tana da lafiya kuma an ɗora mata kaya daidai, takan sha wajen lita 9 a kilomita 100. Sau 618, ya kama 5,562. Mai esansi, inji 2.7, wato 2TR, takan sha wajen lita 12 da rabi a irin wannan aikin. Sau 499, ya kama kusan 6,240. Bambancin bai cika sefa 700 a kilomita 100 ba. A kilomita 30,000 naka, kamar jikka 200 ke nan a shekara. Kuɗi ne, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, musamman da yake mai gazuwal ta fi tsada wajen saye. Ka ɗauki bambancin kuɗin sayen ka raba da jikka 200, ka ga shekara nawa za ta yi kafin ta mayar maka.

Duk da haka, don aikinka ni mai gazuwal zan zaɓa, kuma ba don wannan jikka 200 ba. Injin gazuwal yana ba da ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali, wajen 1,600 zuwa 2,000 a agogon juyin inji. Cikin rairayi da lodi, shi zai ratsa a giya ta 2 ko ta 3 ba tare da ihu ba, alhali mai esansi sai an taka ta sosai, kuma a nan ne shanta ke tashi ya wuce lissafin da na yi a sama. Tankin Hilux lita 80 ne. Mai gazuwal za ta kai ka Yamai, kilomita 660 da wani abu, da tanki ɗaya har da saura.

Isufu mai gareji:
Ranka shi daɗe Alhaji, ta Turan nan ka bar ta inda take. Ba wai mota ce marar kyau ba, ba don mu aka ƙera ta ba. Motocin gazuwal na Turai na yanzu suna da wata matata cikin salansa, DPF, mai kama baƙin hayaƙi, da yawansu kuma suna shan wani ruwa, AdBlue, a tanki daban. An tsara su ne kan gazuwal mai ƙarancin ƙibiritu ƙwarai, kashi 10 cikin miliyan, wanda ba za ka samu tabbacinsa a kowane famfo na yankinmu ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: matatar ta toshe, kwamfutar motar ta riƙa ƙara watsa mai don ta ƙone dattin, wani ɓangare na man ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, fitila ta kama, mota ta rage ƙarfi a tsakiyar daji. Wadda aka saya don rashin sha sai ta koma mai sha.

Ka nemi wadda aka yi don Afirka, daga wakilin kamfanin. Na Toyota a Yamai shi ne CFAO. Ka karɓi littafin garanti da hatimi, ka gwada lambar shasi da ke jikin motar da ta takardun duwan, harafi bayan harafi.

Sai maganar man kansa. 2GD yana tura gazuwal zuwa nozul da matsin da ya kai bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), kuma man ne ke shafe famfon da nozul ɗin daga ciki. Ruwa kaɗan ko ƙura ya isa ya ci su, kuma nozul huɗu da famfo kuɗinsu zai shanye ribar man shekaru. Saboda haka man kwalba da na jarka a bakin hanya ba nata ba ne, komai arharsa. A ƙasan filtar gazuwal akwai kofin da ke tare ruwa. In fitilarsa ta kama, a tsaya nan take, a kwance ɗan famfon da ke ƙasa, a danna famfon hannu na sama har ruwan ya fita, man kirki ya biyo. In ka san dole wani lokaci direbanka zai sha a ƙauye, ka tambayi dila ko yana da Hilux mai tsohon inji 5L-E, 3.0 marar turbo. Ba ta da gudu, tana ɗan fi 2GD sha, amma ta fi jure man da ba a tabbatar da shi ba, kuma kowane makanike a Maradi ya san cikinta. Ita bel ke juya mata lokacin inji, ba sarƙa ba, sai a kiyaye ranar canjinsa.

Laminu:
Malam Haruna, ina da ja kaɗan. Lissafinka na famfo ne, ba ka sa gyara a ciki ba. 2TR ba turbo, ba famfo mai matsi, fulogi ne da filta da baƙin mai. In direba ne zai riƙa fita da motar ba Alhaji da kansa ba, mai esansi ta fi yafe ganganci. Sai dai a tuna, tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, arhar man ƴan ruwa-ruwa da ake dogara da ita ta wuce. Kada a saya da tunanin za a riƙa shan na Jibiya.

Malam Haruna:
Gaskiyarka, ƙanena, a kan gyara. Amma rabin tafiyarsa rairayi ne da lodi, shi ya sa ban sauya ba.

Mamman direba:
Alhaji, kowace ka saya, mafi yawan man da za ka tsira da shi yana ƙafar direba. A-kori-kura doguwa ce, gabanta faffaɗa, iska ce babbar abokiyar faɗanta a kwalta. Turjiyar iska ba ta tashi daidai da gudu, ninkawa take: daga 90 zuwa 120, ta kusa ninki biyu. Hanyar Tasawa zuwa Damagaram tana jan mutum ya saki mota, to a nan lita 2 ko 3 ke ƙaruwa a kowane kilomita 100. Ku tsaya tsakanin 85 da 95 a giyar ƙarshe. Maradi zuwa Damagaram, kilomita 235 ko kusa, abin da za a rasa bai wuce minti 40 ba, ga birki da tayu sun huta, ga jaki ko amalanke in ta faɗo hanya an samu wurin tsayawa.

Na biyu, maɓallin tayu huɗu. A kwalta H2 kawai, wato tayu biyu na baya ke ja. H4, tayu huɗu, na rairayi da taɓo ne, L4, tayu huɗu a ƙaramar giya, na fita daga kafewa. Irin waɗannan motoci ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, don haka in an bar H4 a busasshiyar kwalta, a kowace kwana ƙarafan ciki suna murɗe juna, mai ya tafi, tayu su cinye, wata rana akwatin giyar tayu huɗun ya ba da amsa. Da yawa sukan fito daga daji su manta.

Na uku, iskar taya, kuma nan ake yawan asara. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda mai nuna awon iska, na mota fanko da na mai lodi. Da safe ake aunawa, taya na sanyi, da ma'aunin kanka, ba da bugun ƙafa ba. In za ku shiga rairayi mai zurfi, irin na arewacin Dakoro wajen Bermo, a rage zuwa bar 1.5, tayar ta baje ta hau bisa yashi maimakon ta haƙa. Ba gudu, ba karya sitiyari da ƙarfi, kada tayar ta zame daga ƙarfenta. Da an taka kwalta a mayar da iskar. Wanda ya ci gaba da gudu a 1.5 da lodi cikin zafin bazara, bayan shan mai, tayar ce za ta yi zafi ta fashe. Ɗan famfon iska mai aiki da batir ya zauna cikin motar kullum.

Sannan barin inji yana aiki a kasuwa don sanyin na'ura, ana jiran a gama awo: awa ɗaya tana iya lashe kusan lita ɗaya, ba a motsa ko taku ba. A kashe. Amma bayan doguwar tafiya a bar shi minti ɗaya kafin a kashe, turbo ya huce.

Hajiya Rabi:
Alhaji, ka ajiye littafi a motar. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta kilomita. In an dawo a sake cikawa a famfo ɗaya. Litar da ta shiga sau 100, a raba da kilomitar da aka yi. Misali lita 54 a kilomita 600, lita 9 ke nan. Bayan cikawa huɗu ko biyar ka san halin motarka, kuma ranar da lissafi ya tashi za ka san ko gyara take so ko wani ne ke zuƙa. Kuma lodinta duka wajen tan ɗaya ne, har da mutanen ciki. Mutum huɗu da safaya da jarkar ruwa, abin da ya rage buhu 7 ne mai kilo 100, ba 15 ba. A jera buhunan gaba kusa da kan motar, a kwance, a ɗaure tamfol tamau. Lodin da ya zarce rufi da tamfol mai kaɗawa duk iska suke kamawa.

Alhaji Lawali:
Allah shi saka muku da alheri, na bar ta Turai. Saura tayu da maganaɗisun. Kuma wani ya ce da na karɓe ta in sa a cire tamostat, wai ƙasarmu da zafi.

Isufu mai gareji:
Duka ukun a'a, Alhaji.

Maganaɗisu ba ya yi wa gazuwal ko esansi komai, haka ƴan ƙananan akwatunan da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari. Taɓa kwamfutar inji kuwa yana kashe garanti.

Manyan tayu sun fi nauyi, masu manyan haƙora kuma sun fi turjiya a kwalta. Suna ma ruɗa lissafi: in motar ta zo da tayu masu lamba 265/65 R17 ka sa 285/70 R17, tsayin ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, agogo zai nuna ƙasa da abin da aka yi, littafin da Hajiya ta ce ya ɓaci. Ka bar girman da ta zo da shi, in sun ƙare ka sayi masu ƙarfin gefe na ɗaukar kaya. Ƙarfen gaba da na bisa rufi ma, in ba ka da aikinsu, nauyi ne da za ka riƙa saya wa mai kullum.

Tamostat shi ne ya fi damuna, don an mayar da cire shi al'ada. Aikinsa ya riƙe ruwa cikin inji har ya kai zafin aiki, sama da digiri 80, sannan ya buɗe zuwa lagireto. In babu shi, da asubar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ga sanyi ta ƙara mai, ƙonewa ba ta cika, silinda na ci. Motar da ke zafi, dalilinta daban ne: lagireto ya toshe da ƙaiƙayi da ƙura, fanka ta yi sanyi, ko an zuba ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji na galan.

Kilomita 1,000 na farko na rodaji ne: ba gudu mai yawa, ba taka totur har ƙasa, ba tsayawa kan gudu ɗaya na dogon lokaci, kuma kada a ja komai. Baƙin mai da filtarsa kowane kilomita 5,000, saboda ƙurarmu tana cikin abin da littafin ke kira aiki mai tsanani. Nau'in man kuma wanda littafin ya rubuta. Filtar iska, lokacin hazo a duba ta kowane mako. A hura ta daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi, kada a buga ta a jikin taya, takardar na tsagewa ba a gani, ƙura ta wuce kai tsaye zuwa turbo. In ka haska fitila ta ciki ka ga huda ko ɗaya, a sa sabuwa, kuma kafin a rufe a share cikin akwatin da tsumma mai ɗanshi, a tabbata robar bakin ta zauna daidai.