Hexadecimal da Hausa: ina ba da shawarar "ƙirgan sha-shida"

Salamu alaikum. Malamai masu koyar da C, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a nan Sakkwato, da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya kamata mu tsayar da magana ɗaya kan wannan kalma ta hexadecimal, wato rubuta adadi da alamomi sha shida maimakon goma. Yanzu kowa "heksa" yake cewa, ni kuwa ba ta kwanta mini ba. A Girkanci heksa shida ce kawai, goman ta faɗi a hanya. Ɗalibi zai yi wata guda yana furta ta bai san alamomi nawa ake ƙirgawa da su ba.

Ƙirgan sha-shida nake so mu ce. Basakkwace ya ce sha-shidda, duk ɗaya ne.

Sunan da kansa yana koyar da aikin. Bit gurbi ne da ke ɗaukar 0 ko 1 kawai. Bayit ɗaya bit 8 ne, ƙimarsa daga 0 zuwa 255. Ka raba shi biyu, kowane rabi bit 4, kuma bit 4 ƙima 16 kaɗai suke iya bayarwa. Shi ya sa alamomin suke 0 zuwa 9, sannan A zuwa F, kuma kowane bayit alama biyu yake ci. A C, in ka kira bayit ɗin b, ka tura shi dama da bit 4, b >> 4, ka sami rabin farko; ka tace da b & 0x0F, ka sami na biyu. Kowanne ka duba gurbinsa a jerin "0123456789ABCDEF". Da haka 255 ke zama FF, 65 kuma 41.

Ku gwada da harafinmu ƙ. A UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, bayit biyu ne, C6 99, wato alama huɗu a rubuce. Don haka wurin ajiyar rubutun sai ya ninka yawan bayit sau biyu, a ƙara gurbi ɗaya na sifilin da C ke rufe rubutu da shi. Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe.

Wani malaminmu ya fi son "lissafin sha-shida". Allah gafarta malam, lissafi ya haɗa da tarawa da ɗebewa, mu kuwa a nan adadin bai canja ba, yadda ake rubuta shi ne ya canja. Saboda haka ma na zaɓi "juya" a kan "fassara": juya bayit zuwa ƙirgan sha-shida. Bit huɗun nan kuma "rabin bayit" ya ishe su.

Wanda ke da aji a wannan zango, don Allah ya gwada shi a bakin allo, ya dawo ya faɗa mana yadda ɗalibai suka karɓe shi.