Garantin mil 80,000 a kan taya: shin yana da amfani ga mai mota a Tawa?

Malamin makaranta, Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar taya. Motata ƙaramar Toyota Corolla ce, kuma yawancin zirga-zirgata a cikin garin Tawa take, sai dai nakan je Yamai lokaci-lokaci ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, tafiyar da ta haura kilomita 500. Tayoyina sun fara suɗewa, kuma ina so in canza su kafin zafin watan Afrilu ya kankama. Wani mai sayar da taya ya nuna mini sababbi iri biyu, kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar, ya ce dalili shi ne mai tsadar tana da garantin mil 80,000 daga kamfanin da ya ƙera ta. Abin da nake so in sani shi ne, da gaske ne taya za ta iya yin wannan nisa a kan hanyoyinmu? Idan kuma ta ƙare kafin ta kai, wa zai biya ni? Akwai masu ce mini in bar wahalar da kaina, in sayi tayoyin gwanjo da ake kawowa daga Turai, tunda zanensu yana nan da zurfi kuma kuɗinsu bai kai rabin na sabuwa ba.

Injiniya, Yamai

Wa alaikumus salam Malam. Mil 80,000 ya kai kusan kilomita 129,000, kuma gaskiya ne akwai kamfanoni irin su Michelin da Goodyear da Bridgestone da ke rubuta adadi irin wannan a kan wasu tayoyinsu, amma tsari ne na kasuwar Amurka da Kanada, inda mai mota yake sayen taya a wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, ya kuma koma wurinsa idan yana da ƙorafi. Ko a can ɗin ma ba sabuwar taya ake ba mutum kyauta ba. Lissafi ake yi a kan abin da ya rage: idan tayar ta ƙare a mil 60,000, saura kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na abin da aka yi alƙawari, sai a rage wa mutum kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabuwar taya ta wannan kamfanin, shi kuma ya cika sauran, ya biya kuɗin ɗaurawa.

Sharuɗɗan ne suka fi ɗaukar hankalina. Dole ne mutum ya kasance shi ne ya sayi tayar tun tana sabuwa, kuma tana kan motar da aka fara ɗaura ta. Dole ne ya riƙa sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, kusan duk bayan kilomita 10,000, ya kuma ajiye rasit na kowane sauyi. Dole ne zanen ya cinye bai-ɗaya har ya sauka zuwa milimita 1.6, domin idan gefe guda ne ya cinye, za a ce laifin ƙafar motar ne ko na iska, ba na tayar ba. Fashewa a rami ko yankan dutse ba sa cikin wannan garanti, yawanci kuma ana cire motocin haya. Sannan akwai wa'adi, wanda a wurin Michelin shekara 6 ne daga ranar saye. Idan aka ƙaddara Malam yana yin kilomita 12,000 a shekara, sai ya haura shekara 10 kafin ya kai wancan adadi, alhali wa'adin ya daɗe da ƙarewa. Shawarata ita ce ka tambayi mai shagon ko zai rubuta maka a kan rasit cewa shi da kansa zai ɗauki nauyin ragin. Idan bai yarda ba, kada ka sa wannan garanti cikin lissafin kuɗinka ko kaɗan.

Tsohon direban hanyar Agadas

Malam, Injiniya ya gama magana a kan takarda, ni kuma zan yi magana a kan hanya. A ƙasarmu ba suɗewar zane ba ce ta fi kashe taya, zafi ne da tsufa da ƙarancin iska da lodin da ya wuce ƙima. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa yakan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma roba tana bushewa da zafi ko da motar tana ajiye. Tayar da iskarta ta yi ƙasa gefenta yana lanƙwashewa a kowane juyi, wannan lanƙwasa tana ƙara mata zafi daga ciki, har zanen ya rabu da wayoyin da ke riƙe da shi, sai a ji ta fashe ana cikin gudu. Na ga wannan da idona a hanyar Abalak, kuma tayar da ta fashe zanenta yana nan kamar jiya aka sa ta.

Saboda haka ne ba na goyon bayan masu tura ka ga gwanjo. Da yawa daga cikin tayoyin nan an cire su ne a Turai don sun tsufa, wasu kuma na lokacin sanyi ne, za ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a gefensu. Robarsu mai laushi ce, an haɗa ta don yanayin da bai kai digiri 7 ba, idan ta hau kwaltar Ƙonni da rana tsaka sai ta yi ta cinyewa. Ga shi kuma ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san facin da aka yi mata ba.

Ko sabuwa ce, ka duba shekarunta. A gefen taya akwai haruffan DOT, a ƙarshen layin kuma akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Michelin na cewa a kai taya a duba ta duk shekara bayan ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma cire ta idan ta cika 10 daga ranar ƙira, har da safaya. Kamfanin Ford kuwa shekara 6 yake cewa. A zafinmu ni na fi karkata ga 6 ɗin.

Mai sayar da kayan mota, Yamai

Ina tare da Baba direba a kan gwanjo, amma ina ganin bai kamata Malam ya fita daga nan da tunanin cewa tayar mai tsada ba ta da wani fifiko ba. Garantin ba zai biya shi ba, wannan haka yake, amma kamfani ba ya rubuta mil 80,000 sai a kan tayar da ya haɗa robarta don ta jure gogayya, kuma wannan haɗi yana nan a jikinta ko a Tawa aka ɗaura ta. Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna da rubutu uku a gefe. Na farko lambar jure cinyewa ce, wadda ake samu daga gwajin mil 7,200 a kan hanyoyin da ke kusa da garin San Angelo a jihar Texas, inda ake gwada tayar da wata ta ma'auni mai lamba 100. Mai lamba 600 ana sa ran ta fi mai 300 daɗewa, sai dai kamfanonin ne ke sa wa tayoyinsu lambar, don haka kwatancen ya fi inganci tsakanin tayoyin kamfani ɗaya. Na biyu riƙon jiƙaƙƙiyar hanya ne. Na uku, wanda ya fi shafar mu, shi ne jure zafi, A ko B ko C, kuma A ce ta fi. Da zan zaɓa tsakanin babbar lambar cinyewa mai B da matsakaiciya mai A, ta biyun zan ɗauka don hanyar Yamai.

Batun zafi ba namu ba ne mu kaɗai. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwar Amurka saboda zanensu yana ɓallewa, galibi a kan motocin Ford Explorer, kuma matsalar ta fi yawa a jihohi masu zafi irin su Texas da Florida, ta kuma bayyana a Saudiyya da Benezuwela.

Malamin makaranta, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: idan kuɗina bai isa huɗu a lokaci guda ba, na sayi biyu, gaba zan sa su ko baya? Kuma iska nawa ya dace in riƙa sawa?

Tsohon direban hanyar Agadas

Baya za ka sa sababbin, Malam, ko da yake Corolla da ƙafafun gaba take ja kuma su ne suka fi saurin cinyewa. Dalili shi ne idan gaba ya zame direba yana jin sa a sitiyari ya gyara, amma idan baya ya zame, musamman a damina, motar juyawa take yi. Ka zaɓi biyu mafi kyau cikin tsofaffin ka mayar gaba, ka sa bakanike ya duba ƙafar motar ya daidaita ta kafin ka hau hanya. Iska kuwa ka bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba wanda ke gefen tayar ba, domin wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Ka auna da safe kafin motar ta yi tafiya, kuma idan ka tsaya a Doso ko Dogondutsi mai faci ya ce iskar ta yi yawa, kada ka bari ya sauke ta, zafin tafiya ne ya ɗaga ta, da tayar ta huce za ta koma daidai.