Rahoton shekara na kashe min shafi, PHP na cewa memori ya ƙare

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani Alhaji dillalin hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe da na haɗa wa manhajar rubuta ciniki da PHP (yaren rubuta manhaja) da MySQL (rumbun ajiye bayanai): wanda ya kawo buhu, wanda ya ɗauka bashi, har da hoton rasit. Rahoton rana yana fita lafiya lau. Da yaron shago ya danna na shekara kuwa, sai shafin ya yi fari fat, a log (fayil ɗin da kurakurai ke shiga) kuma na tarar da "Allowed memory size of 134217728 bytes exhausted". Ga kaka ta yi, masara sai shigowa take, Alhaji na son sanin masu riƙe masa kuɗi. In ƙara memory_limit ne, wato iyakar memorin da PHP ke yarda a ci?

Injiniya Wunti:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lambar nan megabait 128 ce cif, iyakar da PHP ke zuwa da ita. In ka ƙara za ka samu sararin numfashi, amma baɗi cinikin ya ƙaru ka koma gidan jiya. Ina kyautata zaton fetchAll() ka sa, ita kuwa dukan layukan take kwasowa ta jibge a memori. Ko ka koma fetch() mai ɗauko layi ɗaya-ɗaya, PDO (hanyar da PHP ke magana da MySQL) na ajiye sakamakon MySQL gaba ɗaya a ɓangarenka, sai ka mayar da MYSQL_ATTR_USE_BUFFERED_QUERY zuwa false. Ka kula, a haka ba za ka iya aika wata tambayar ta wannan haɗin ba sai ka gama karanta ta farko.

Malama Pantami:
Ni hoton rasit ɗin ne ya tsaya min a rai. In a cikin teburin kake ajiye shi kuma SELECT * (wato kwaso komai na layin) ka rubuta, to kowane layi da hotonsa yake tahowa. Rahoton bashi me zai yi da hoto? Ka ambaci suna, buhu da kuɗi kawai. Jimillar kuma bar wa MySQL ta yi da SUM da GROUP BY, ta dawo maka da layi ɗaya ga kowane mai bashi.

Ɗan Jekadafari:
Allah ya saka da alheri. Malama, na cire hoton na sa GROUP BY, rahoton bashi ya fito nan take. Saura rahoton da nake fitarwa a fayil ɗin Excel, shi har yanzu yana faɗuwa.

Injiniya Wunti:
In da PhpSpreadsheet kake haɗa fayil ɗin Excel, a memori take riƙe kowane gurbi. Yi amfani da fputcsv, mai rubuta fayil ɗin CSV, kana rubutawa layi-layi, Excel zai buɗe fayil ɗin.